Ranar da Na Kai Abokina Sabuwar Rumfarsa

Shekarun baya, ba su kai goma ba amma dai sun haura biyar, na yi wa wani makaho ƙarya. Na fara da wannan ne don masu zuwa ƙarƙashin rubutuna suna cewa Allah ya ƙara wa Baba lafiya, dattijon arziki, su san da wa suke hulɗa. Dattijon arzikin naku ya taɓa kallon makaho a fuska ya shirga masa ƙarya, kuma makahon abokinsa ne tun suna kiwon awaki.

Abokin nan nawa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka tsakanina da shi babu kara ko kaɗan. Yana kirana Ɗan Boko, don na yi aji huɗu a firamare kafin mahaifina ya gano cewa gona ta fi makaranta buƙatata. Ni kuma ina kiransa Sarkin Ƙuli. Shi ne mai rumfar gurasa a bakin kwanar garinmu, inda motocin da suka taso daga wajen Makoda suke tsayawa su ɗauki masu shiga Kano.

Bari in faɗa muku yadda rumfar take a da, don yaran yanzu ba su gan ta ba. Rufin kwano ne da ya sha duniya, da benci biyu, ɗaya daga ciki sai an sa masa dutse yake tsayawa daidai. A baya akwai tanderu, inda maiɗakinsa take gasa gurasar. Da karan dawa take hura wuta, kuma karan daga gonakinmu yake zuwa. Bayan girbi kowa sai ya aika da dami, ba wanda ya roƙa, haka dai muka saba. Ita za ta manna gurasa a jikin tanderu ta ciro, shi kuma ya karɓa ya yi bandashe a gaba. Yana da wata roba ta ruwan ɗumi a gefen dama. Zai tsoma gurasa ya ciro, sau ɗaya tak, ya shimfiɗa a babban tire, ya barbaɗa garin ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa, ya watsa albasa da tumatir. Idan ka ce masa ya ƙara tsomawa don ta ƙara laushi, sai ya tambaye ka ko haƙoranka ka bari a gida.

Ba zan ce wurin yana da tsafta ba. Ƙudajen rumfar nan sun san mu ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin kara kuwa, in iska ta juyo, sai ka ci gurasarka kana hawaye kamar an yi maka rasuwa. Ruwan robar nan ma akwai magana a kansa, amma mutumin ya rasu, na rufe bakina.

Abin da ya bambanta wurin shi ne ba a cin abinci kai kaɗai. Tire ɗaya ne, ko wa ya saya. In an ajiye, sai shi mai rumfar ya ɗaga murya ya ce bismillah, duk wanda ke kusa ya matso ya sa hannu, direba ne ko kwandasta ko baƙon da motarsa ta lalace. Mu da muke dawowa daga gona bayan la'asar, mu bakwai ne ba ma fashi. A wannan tiren aka sasanta rikicin iyakar gona fiye da sau ɗaya, don yana da wuya ka ci gaba da zagin mutumin da hannunka ke karo da nasa a kan albasa.

Sai Allah ya karɓi ran maiɗakinsa. Tanderu ya mutu tare da ita. Ya gwada saro gurasa daga Kano, amma ya ce ba ta jin ruwa yadda tasu take ji. Ana cikin haka ciwon ido ya kama shi, a hankali a hankali har gani ya tafi gaba ɗaya. Aka rufe rumfa, awaki suka gaje ta. Shi kuma ya koma zauren gidansa ya zauna. Shekara shida mutumin nan bai wuce masallacin ƙofar gidansa ba. Mutumin da ake jin muryarsa daga bakin kwana har rijiyar gabas ya zama sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Ina zuwa kullum in tsokane shi, wani lokaci ya rama, yawanci ya yi shiru.

Yana da ɗa namiji guda, yaron kirki, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin girkin wani babban gidan abinci a Kano. Wata shekara bayan girbi ya dawo gida da iyalinsa, ya ce zai sake buɗe wurin babansa. Tun ranar da abokina ya ji haka ya canja. Ya fara tambayar ko gyaɗar bana ta yi mai. Ya sa aka nemo masa tsohuwar wuƙarsa ta yanka albasa, ya zauna yana wasa ta a dutse. Ya ce min ido ne ya tafi, hannu yana nan, kuma bandashe ba da ido ake yin sa ba. Ɗan nasa ya yi ta lallaɓa shi, yana cewa Baba a bari a gama aiki tukuna, a bari abubuwa su daidaita. Ina jin yaron bai san yadda zai yi masa bayani ba ne, yana ta jan lokaci.

Da aka buɗe da kamar sati biyu, abokina ya ja hannuna a zaure ya ce in je in gano masa. Ya ce yaron nan yana ɓoye masa wani abu, ni kuma tunda na yi boko, ko allon wurin na karanta masa.

Na je. Da farko ma wucewa na yi, don ban gane wurin ba. An rushe rumfa an yi ginin bulo, gaba duk gilashi, ƙasa tayil mai santsi wanda ya kusa kai ni ƙasa da takalmin robana. Tebura ƙanana, kowanne da kujeru biyu ko huɗu. Fanka tana juyawa da wutar sola. Babu hayaƙi, babu ƙuda ko ɗaya, na duba sosai don ina neman wanda na sani. Inda tanderu yake an sa wani akwatin ƙarfe mai aiki da gas. Abin da ake sayarwa kuwa sunansa fiza. Ga waɗanda ba su sani ba, irin su ni a lokacin, ita ma waina ce ta fulawa mai faɗi, sai dai an ɗora mata nama da tumatir da cuku tun kafin a gasa, ta fito da kayanta a jiki, a yanka ta kamar yadda ake yanka kankana. Kowa da farantinsa. Wasu ma ba sa zama, a sa musu a kwali su shiga mota.

Yaron ya rusuna ya gaishe ni, ya zaunar da ni, ya kawo min yanka biyu. Na ci da niyyar in samu abin kushewa, don in koma in ba da rahoto yadda ya kamata. To, ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa abin da daɗi. Na cinye, na lashe yatsa, har na saci kallon farantin wani malamin makaranta da ke teburin gefe. Na yi masa bismillah tun farko kamar yadda aka koya mana, ya ɗago ya yi murmushi ya ce na gode Baba, ya mayar da kansa kan waya. Mutum takwas ne a wurin, amma ƙarar fanka kawai kake ji.

A hanyar komawa na shirya abin da zan faɗa tsaf. Zan ce masa Sarkin Ƙuli, an yi maka juyin mulki, ka haƙura. Amma da na yi sallama a zaure, na tarar ya matso har bakin ƙofa yana jirana, ya juyo da fuskarsa wajen muryata, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaron da aka ce an sayo masa kayan sallah. Rabon da in ga wannan fuskar tun maiɗakinsa tana da rai.

Ya ce, "Ɗan Boko, yaya wurin?"

Na ce, "Yana nan yadda ka bar shi. Fenti kawai aka yi."

Ya tambayi benci, na ce suna nan. Ya tambayi mutane, na ce sai tambayarka suke yi. Ƙarya ɗaya na yi niyya, amma da na tashi tafiya na ƙirga sun kai shida. Na gaya wa kaina cewa ai mutumin da ya shekara shida bai fita ba, ba zai fita don wannan ba. Zai ji daɗi ne kawai ya yi barci.

Kwana uku bayan nan na zo bayan la'asar na same shi cikin babbar rigarsa ta idi, da hula, da sanda. A aljihun gaba akwai ƙullin leda. Ashe ya sa surukarsa ta daka masa garin ƙuli, ya ce mata kwaɗo yake sha'awa. Ya ce in kama sandar mu tafi, kada a gaya wa yaron, so yake ya gan shi kawai. Na ce rana ta yi zafi. Ya ce la'asar ce. Na ce ƙafata tana ciwo. Ya ce tun muna yara ƙafata take ciwo duk ranar da za a yi aiki. A nan ya kamata in faɗa masa gaskiya. Maimakon haka na kama kan sandar, na shige gaba.

Tafiyar ba ta da nisa, ta cikin gonaki ake ratsawa a fito titi. Duk hanya yana magana. Ya gane gonar kowa da ƙafarsa, yana faɗin wanda ya iya noma da wanda ya gaji gona kawai. Ni kuwa kamar ana jana zuwa gaban alƙali.

Da muka taka tayil ya tsaya. Ya goga ƙafarsa a ƙasa, ya shaƙi iska, ya ce bai ji hayaƙi ba. Na ce an gama gashi ne. Ɗansa ya hango mu ya fito da sauri, ya durƙusa, fuskarsa ta nuna bai ji daɗin zuwan ba amma bai ce komai ba sai sannu da zuwa Baba. Ya kama shi ya zaunar a kujera. Abokina ya shafa teburin daga wannan gefe zuwa wancan, ya ji ƙanƙantarsa. Sannan ya ce a kawo masa gurasa guda uku, da babban tire, da ruwan ɗumi a roba. Yaron ya kalle ni. Na kalli fanka.

Me zai yi? Mahaifinsa ne. Ya je ya kawo fiza guda cikakkiya a kan tire, mai zafi. Ruwan kuwa ya ɗauka na wanke hannu ake nufi, ya kawo a wata roba mai kyau. Abokina ya naɗe hannun riga. Ya lalubo yanka ɗaya, ya matsa gefensa da yatsa, ya ce wannan ta bushe, wutar ta yi mata yawa, amma ba komai, ruwa zai gyara. Kafin wani ya motsa ya tsoma ta a roba ya ciro, sau ɗaya tak, da irin saurin nan nasa na da. Wallahi hannun bai manta komai ba. Sai dai naman da cukun duk sun zame sun zauna a ruwa, abin da ya fito a hannunsa wani lallausan abu ne yana ɗiga. Shi bai sani ba. Ya shimfiɗa, ya ɗauko na biyu, na uku, har ya gama da su. Ya kwance ledarsa ya barbaɗa ƙuli daidai wa daida, ko gefe ɗaya bai fi wani ba. Ya nemi man gyaɗa da albasa, yaron ya ce a hankali, Baba babu man gyaɗa a nan. Ya ce to a yi haƙuri da shi haka.

Sai ya ɗaga tiren da hannu biyu, ya juya wajen da yake jin motsin mutane, ya buɗe muryar nan da na shekara shida ban ji ba.

"Jama'a, bismillah. Ku matso."

Akwai wasu samari uku da 'yan mata biyu, da alama daga Kano suke za su wani biki, da wani mutum da matarsa. Ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wani saurayi ya ɗaga waya zai ɗauka, ɗan abokina ya je ya dafa hannunsa ya sauke. Ban ga laifin yaran nan sosai ba. Ba su san shi ba, ba su san wurin ba, tsoho kawai suka gani ya jiƙa abinci mai tsada yana kiran mutane.

Ya sake cewa bismillah, wannan karon ƙasa-ƙasa. Tiren yana hannunsa har lokacin. Na ja kujera na ce kawo nan Sarkin Ƙuli, tun da ba su da rabo. Ɗansa ma ya wanke hannu ya durƙusa a gefen teburin ya sa hannu. Muka ci mu uku. Ban taɓa cin abu marar daɗi irin wannan ba, kuma ban bar ko loma ba. Shi loma ɗaya ya kai baki, ya tauna ya daɗe, ya ajiye hannunsa a kan cinya. Can ya ce wa ɗansa Allah ya yi albarka, ya ce min mu tafi kada magariba ta same mu.

Muka bar titi muka shiga gonaki. Ina jiran zagi, har ina roƙon Allah ya zage ni. Sai da muka kai wajen wata tsamiya ya ja sandar, na tsaya.

Ya ce, "Ɗan Boko, yanzu faɗa min. Wurin ya yi kyau?"

Na ce ya yi kyau.

"Ya fi nawa?"

Na ce ya fi naka, nesa ba kusa ba. Na faɗa masa gilashi da fanka da akwatin gas, na faɗa masa babu benci babu tanderu, na faɗa masa ana ciniki sosai, har na faɗa masa cewa na ci abin kafin ya jiƙa shi kuma da daɗi. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Yaron ya iya." Sannan ya ce, "To ashe ba a jirana."

Bai ƙara ba, kuma bai taɓa tambayata dalilin da ya sa na yi masa ƙarya ba, ko a ranar ko bayanta. Wannan ya fi min zagi ciwo, don a tsakaninmu shiru ba ya cikin al'ada.

Ɗansa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zo ya durƙusa ya ce zai gina tanderu a baya, zai sa benci a waje, Baba ya dawo ya riƙa yin bandashe ko da ranar kasuwa ce kawai. Abokina ya sa masa albarka, ya ce kada ya ɓata wurinsa da hayaƙi. Sannan ya tambaye shi, cikin mu bakwai ɗin nan da muke zama, saura nawa. Amsar kuwa, saura mu biyu ne, kuma ɗayan maƙaryaci ne. Wannan ƙarshen ni na ƙara, shi bai faɗa ba. Abokina ya ci gaba da zaman zaurensa, bai sake neman a kai shi ko'ina ba. Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da maiɗakinsa a Aljanna.

Bayan sadakar uku ɗan ya same ni ya tambayi abin da babansa ya ce a hanya ranar nan. Na ce ya gode wa Allah, ya ce ka iya. Na tsaya a nan. Sai bara na ƙarasa masa sauran, muna zaune mu biyu. Ya ce ya sani, tun a teburin ya gani a fuskarsa.

Na sha juya wannan abu a raina. Da na faɗa masa gaskiya tun ranar farko, da ya ji zafi a zaurensa, ni da shi kawai, ya zage ni ya zagi zamani, mu yi dariya. Ni na ga kamar tausayi nake yi, ashe fuskarsa ce ba na son in ga ta canja a gabana, sai na bari ta canja a gaban baƙi. Tun daga nan in tsoho ya tambaye ni ko wani wuri yana nan yadda ya bari, ina faɗa masa babu, tun kafin ya sa rigar idi.

Wurin yana nan har yau, ya ma ƙara girma. Ranar kasuwa nakan biya, yaron ya zaunar da ni ya kawo min yanka biyu, in ci ni kaɗai a ƙaramin teburi kamar kowa. Masu tambayata wanne ya fi tsakanin na da da na yanzu, amsata ba ta canja ba. Na yanzu ya fi tsafta, ya fi ciniki, abincin ma ba laifi. Abin da ke damuna ke nan. Da ba shi da daɗi, da na samu wanda zan yi fushi da shi ban da kaina.